Shafin da Mama Ta Buɗe

Da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Lahadi abin ya lalace, kuma bakina ne ya lalata shi. Na riƙe lokacin daidai domin akwai agogon tebur da dikin ɗinmu, dattijon majami'a, yake ɗaukowa daga gidansa kowace Lahadi ya ajiye gaban jama'a, ni kuwa tun ina ƙarama in kunya ta kama ni ba na iya duban fuskar mutum, sai in nemi wani abu in kafa masa ido. Ran nan agogon na samu. Mama tana tsaye da Littafi Mai Tsarki a hannu, ɗaki ya yi tsit, ni kuma da shekarata goma sha biyu na faɗi maganar da ba wanda ya tambaye ni.

Yanzu furfura ta gama da kaina. Ina Riyad a gidan 'yata da ke aikin jinya, rainon jikoki ya kawo ni. A nan Lahadi ranar aiki ce, ita ce ma farkon mako. Kafin ƙarfe bakwai gida ya watse: 'yata ta tafi asibiti, mijinta ya kama hanyar wurin aikinsa a unguwar Ulaya, yaran sun fita suna ta yalla-yalla da Larabcinsu da ya fi Hausarsu kaifi. Sai a bar ni da gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Addu'armu ta iyali ran Juma'a muke yi a falo, a hankali, ƙofa a rufe, kuma ban ce ba ta wadatar ba. Jikina ne dai bai yarda ba. Duk safiyar Lahadi sai in tsinci kaina na yi wanka na ɗaura ɗankwali, ina kai da kawowa tsakanin kicin da taga kamar wadda aka ce ta jira mota. In leƙa titi, in ga motoci sun yi layi ba mai tafiya a ƙafa, in koma in goge teburin da na riga na goge.

Makonni uku da suka wuce aka turo mini saƙo daga gida, da hoto. An rushe tsohon ɗakin majami'armu ta Baftis, wanda muka gina da hannu a bayan garin Kaduna. Sabon gini ya riga ya tsaya a gefensa, wurin tsohon kuma motoci za a riƙa ajiyewa. Kwamitin tarihi suna haɗa ɗan littafi, suka ce tunda aikin ɗakin karatu na yi har na yi ritaya, ni zan rubuta yadda makarantar Lahadi ta fara. Sun haɗo da jerin sunayen waɗanda aka fara yi wa baftisma, in duba musu rubutun. Na duba, na gyara sunaye biyu. Sunan Mama ba ya ciki, kuma ba kuskure ba ne, domin har ta rasu ba a yi mata ba. Tun ran nan na kasa sa biro a takarda. Ba zan iya ba da labarin makarantar nan in tsallake Mama ba, in kuwa na sa ta, dole in faɗi ko ni ce na hana ta shiga ruwan. Shekara fiye da hamsin ban san amsar ba.

Sa'ad da iyayenmu suka tare a unguwar nan, ba ta zama unguwa ba tukuna. Gonakin dawa ne da 'yan gidaje a warwatse a ƙetaren kogi, inda ma'aikatan masaƙa suke samun ɗaki. Kowa daga ƙauyensa ya zo da yarensa, Hausa ce ta haɗa mu, da ita ake ciniki da faɗa da addu'a. Majami'a tana can cikin gari, tafiyar da in mace ta yi ta da goyo da yara uku a ƙafa sai ta isa ana waƙar rufewa. Shi ya sa aka fara taruwa a ɗakin wani maƙwabcinmu, a fitar da gado waje a shimfiɗa tabarmi. Da ɗakin ya kasa, aka kafa rumfar zana. Da iskar ruwa ta kwashe rumfar sau biyu, sai aka ce a yi tubali. Asabar-Asabar maza suna kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata suna jido ruwa daga rafi, mu yara muna juya tubalin da ya sha rana muna tsalle in kunama ta fito. Har kujerun ciki na ƙasa ne, dogaye daga bango zuwa bango, duk wanda ya zo da farin kaya sai ya koma gida da shaida a bayansa.

Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataya a reshen dalbejiya. Sauran kwanaki jiniyar masaƙa ce take tashe mu take kuma maido da iyayenmu maza, amma Lahadi ta ƙarfen nan ce. Bugun farko, a sauke tukunya. Bugu na biyu, wanda bai shafa mai ba ya fita haka nan. Fasto ba namu ba ne mu kaɗai, daga cikin gari yake zuwa a keke, wani lokaci a yi mako biyu ba a gan shi ba, sai ya iso da ƙafar wando ɗaya a cuse cikin safa. In ba ya nan dikin ne yake riƙe da komai. Shi a masaƙa aikinsa duba lokacin shiga da fita, mutum ne mai gaskiya wanda ba ya iya barin abu ya wuce a karkace. Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, aikin Allah ba aikin a-bar-shi-haka ba ne. Manya sukan haɗa ido in ya fara, ni kuwa maganar tana yi mini daɗi, domin halina ke nan. In na ga an rubuta lambar waƙa ba daidai ba a allo, ba na iya yin waƙar.

A wurinmu makarantar Lahadi ba ta yara kaɗai ba ce, kowa ɗalibi ne har mai jika. Kafin sujada ake yin ta. Maza a gindin dalbejiya, yara a bakin rijiya, mata a inuwar bango suna ja da tabarma baya yadda rana take cin inuwar. Wata matashiya ce take koyar da matan, matar wani makaniki, wadda ta gama firamare. Kowa Malama yake kiranta, har waɗanda suka isa haihuwarta. Allonta murfin akwati ne da aka shafe da baƙin batir. Daga bakin rijiya muna jin su suna maimaita ba, be, bi, jarirai suna kuka a tsakani, wata ta miƙe ta je ta duba ko akuya ta shiga gida, ta dawo ta tarar an wuce ta. Ni na riga na wuce abin da ake koya wa yara, sai Malama ta ɗauke ni in riƙa zama kusa da ita ina buɗe mata shafi. Wurin ya dace da ni, ba a buƙatar in ce komai. Matan sukan ce yarinyar nan in ba ka ga tana ƙifta ido ba sai ka ce hoto ce.

Akwai wata ƙa'ida a lokacin da muka gada daga majami'ar cikin gari: ba a yi wa babba baftisma sai ya tsaya gaban jama'a ya buɗe Littafi ya karanta 'yan ayoyi da kansa. Dalilin mai kyau ne, ana so kowa ya iya zuwa ga Maganar ba sai ta bakin wani ba. Bayan karatun sai 'yan ikilisiya su ɗaga hannu su karɓe shi, kamar yadda muke yanke kowace magana. Daga nan sai rafi, sau ɗaya a shekara, bayan damina, sa'ad da ruwa ya kwanta amma bai janye ba. Wata guda kafin ranar, Malama takan ba kowace mace wurin da za ta karanta, ta sa tsinken tsintsiya a shafin. Littafi ɗaya ne na ajin duka, saboda haka tsinkaye da yawa ne suke leƙowa ta samansa, kowace ta san nata, na wannan dogo, na waccan an karya masa kai.

Mama ƙosai take soyawa a ƙofar masaƙa tun kafin jiniyar farko. Ta yi shekara biyu a inuwar bangon nan baƙaƙe suna shiga ta nan suna fita ta can. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, mace ce da take riƙe doguwar waƙa daga ji biyu. Lokaci ne babu, ga gajiya. Sai ta ce in riƙa karanta mata wurin nata tana haddacewa. Na kwafe ayoyin a bayan littafina na makaranta, muka yi wata guda a haka. Tana surfen wake ina karantawa, tana wanke shi ina karantawa, a hanyar injin markaɗe ina gaba tana biye da roba a ka tana maimaitawa. Har na koya mata yadda za ta riƙa jan yatsa a kan layi, da inda za ta ɗan tsaya kamar kalma ta yi mata wuya. Ta yi dariya har ta ajiye taɓarya, ta ce, "Ke da ba kya magana, ashe kin iya makirci." Ina tsammanin asirinmu ne mu biyu, ina tsammanin sauran matan da gaske suke karatu. Ban taɓa kusantar Mama irin na watan nan ba, kafinsa ko bayansa.

Ranar karatun Fasto ya zo, ɗaki ya cika har tagogi. Ni aka sa a gaba in riƙa miƙa Littafin. Mata biyu suka yi nasu suka zauna. Mama ta miƙe da zanenta na fita, ta karɓa, ta kama tsinke ta buɗe, ta fara. Muryarta ba ta rawa, ba ta bar kalma ɗaya ba, har ɗan tsayawar nan ta yi a inda muka shirya. Amma ni ina ƙarƙashin gwiwar hannunta, ina ganin shafin. Tsinken wata ta kama. Yatsanta yana tafiya a hankali a kan layukan wani wuri, bakinta yana faɗin na wani wuri dabam. Abin da na yi niyya shi ne in raɗa mata ta juya kafin Fasto ya leƙa. Sai dai wadda ba ta saba magana cikin mutane ba, ba ta san awon muryarta ba. Na ce, "Mama, ba nan ba ne." Har na bakin taga sun ji.

Fasto ya sunkuyar da kai yana gyara takardunsa kamar bai ji ba. Dikin ne ya tashi. Ya zo ya dubi shafin, ya dubi Mama, ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce ta karanta wannan. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Mama ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta rufe Littafin, ta miƙo mini da hannu biyu, ta koma wurinta ta zauna. Da aka zo ɗaga hannu, dikin ya ce a ɗage nata zuwa baɗi ta ƙara koyo. Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban wani. Har na Baba.

A hanyar gida yara suka sa mini suna Ba-nan-ba-ne, ya bi ni har na bar unguwar. Na jira duka, ko faɗa, ko a hana ni abinci, da an yi ɗaya daga ciki da na huta. Mama ta zuba mini tuwo kamar kullum, ta ce in na gama in wanke kwanuka. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba. Abin da ya canja kawai, ba ta sake cewa in karanta mata komai ba. Ranar rafi ta je. Ita ta riƙe wa matan zannuwan canji, tana tsaye a kan yashi tana waƙa tare da kowa, duk wadda ta fito daga ruwa tana rawar sanyi ita take lulluɓe ta. Baɗi ta zo, ba ta tsaya ba. Wata baɗin ma haka. A wurinmu kuma wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya cin Jibin Ubangiji, saboda haka duk Lahadin da aka rufe tebur da farin ƙyalle, sai Mama ta miƙe tare da mu yara ta fita, tana cewa bari ta duba kada wani ya faɗa rijiya. Matar da ta jido ruwan tubalin ɗakin nan a kanta. Takan zauna a gindin dalbejiya tana tsifar kan wata yarinya har a gama, ni kuma ina can nesa ina kallon bayanta.

Daga baya na tafi makarantar kwana, daga can kwaleji, daga can aiki da aure. Kowane hutu nakan yi niyyar tambayarta. In tsara maganar tun daga tasha, in gyara ta a cikin mota, in na iso na gan ta gaban kasko sai in tambaye ta lafiyar ƙafarta. Ta rasu ina goyon 'yar nan da nake gidanta yanzu. Ba a daɗe ba aka ɗaga hannu aka soke ƙa'idar. Yau an ce ayoyin a bango ake haska su, kowa yana bi da ido, ba a gane mai karatu da mai motsa baki. Rafin an gine shi da gidaje, baftisma a kwarmin tayil ake yi cikin majami'a. Ban ce zamanin can ya fi na yanzu ba. Da a yanzu Mama take, ba mai tsayar da ita. Amma da ɗakin nan yana tsaye, ina jin kamar zancen yana ajiye a wani wuri, wata rana zan je in ɗauka. Da na ga hoton tarin ƙasa sai na ga ba inda yake ajiye sai cikina.

Maƙwabciyarmu a benen nan na unguwar Jaradiya wata Hajiya ce 'yar Kano, ita ma rainon jikoki ya kawo ta wurin ɗanta likita. Da hantsi in gidaje sun yi shiru mukan sha shayi tare, yau a nata gobe a nawa. A ƙasanmu take, saboda haka takun ƙafata a kanta yake sauka. Lahadin da ta wuce ta hawo da kanta tana haki, ta ce, "Maman Sista, ko turmi kika shigo da shi Saudiyya ne? Tun safe ake daka a kaina." Na ɗora ruwan shayi, ban san yadda aka yi ba na kwashe labarin duka na gaya mata, abin da ko mijina ban gaya wa ba har ya rasu. Ta tambaye ni mene ne baftisma, na bayyana mata, ta gyaɗa kai. Sai ta tambaya ko akwai sauran wanda yake wurin ran nan. Na ce Malama tana nan da rai, ta tsufa ƙwarai, lambarta ma tana cikin saƙon kwamiti tun makonni uku. Hajiya ta ajiye kofi ta ce to me nake jira, sai an turo mini hoton kabarinta kamar yadda aka turo na ginin? Ta ce ba za ta sauka ba sai na buga, gwiwarta ba ta hawan banza ba ce.

A can gida mutanen gidan duk sun tafi sujada, Malama ƙafa ta zaunar da ita, saboda haka ita ta ɗauka da kanta. Sai da na kwatanta mata Mama ta gane ni. Ta ce, "Au, 'yar mai ƙosai. An ce kina Saudiyya. Ko dai kin zama Hajiya ne ba mu ji ba?" Hajiya daga gefena ta ce a gaya mata suna nan suna ƙoƙari. Suka yi dariya su biyu ta cikin waya kamar sun san juna. Na gaishe ta, na tambayi jiki, na tambayi 'ya'ya, na tambaye ta abubuwan da na riga na sani game da rumfar zana da tubali. Hajiya ta taka mini ƙafa. Sai na ce, "Malama, ni ce na hana Mama baftisma?"

Ta ce cikin matan da suka tsaya ran nan, in an cire ɗaya, ba wadda take karatu, duk hadda ce. Ita ta sani, Fasto ya sani, dikin ne kaɗai bai sani ba, sai ni. Ta ce ranar kam ni ce na hana Mama, ba za ta yi mini ƙarya da tsufanta ba. Na ce to sauran shekarun fa.

"Sauran shekarun ba ke ba ce," ta ce. "Da baɗi ta zo, ni da Fasto muka same ta a gaban kasko, ke kina makaranta. Muka ce ta zo, ni zan buɗe mata shafin da hannuna, dikin ma ya ce shi ranar a baya zai zauna. Sau uku muna zuwa. Mamanki ta ce kin ga abin da ba daidai ba kin faɗa. In ta sake tsayawa gabanki tana jan yatsa a kan abin da ba ta iya karantawa, dole ki yi shiru, kuma shirun nan shi za ki koya. Ta ce gara ita ta zauna a waje. Ban ji fushi a bakinta ba ko kaɗan. In za ki rubuta, 'yata, kada ki ce an hana ta. Ita ce ta ƙi."